Na Ajiye Jakar

Yau na miƙa makullin mota a ofishinmu na Gumel,
da littafin rasit mai lanƙwasassun kunnuwa,
da jakar da ta ci mini kafaɗa shekara tara.
Akawu bai ko ɗago kai ba.
Ya ce, sa hannu a nan. Na sa.

Shekara tara.
Maigatari, Sule Tankarkar, Garki, Babura,
ina tallan lafiya ƙauye-ƙauye
ina ɓantarar maganin ciwon kai daga kwalin samfur
in kora da ruwan leda mai ɗumi.

Ran ɗaya ga wata Oga Sunusi kan yanka mini adadi
daga kujerarsa a Kano,
mutumin da bai taɓa tura mota a yashin Ɗanzomo ba.
Ran ashirin waya ta fara ruri:
Ina kuɗi? Ina kuɗin kamfani?

Kuɗi suna hannun Haladu mai kyamis.
Ya karɓi katan shida tun ba a yi shuka ba,
ya ce in jira a sayar da riɗi.
Aka sayar da riɗi, ya ce Sallah ta wuce tukun.
Sallah ta wuce, na iske kwaɗo a ƙofa,
mai shayin gefe ya ce ai ya haura Damagaram.
Daga albashina aka riƙa zara,
wata-wata, sai da na biya bashin da ban ci ba.

Ran Alhamis kuwa, a bakin kara,
ga mai faifai ya baje ƙwayoyi a rana, ja da rawaya,
kwalinsa sak nawa, har tambarin.
Nasa ɗari biyu, nawa dubu da ɗari biyar.
Na yi bayani har yawu ya ƙafe.
Wani dattijo ya saurare ni tsaf, ya gyara hula,
ya ce, yaro, na ji gaskiyarka,
aljihuna ne kurma.

Samarin tasha su tare ni da magariba,
idanu jawur, babu mai tari a cikinsu,
suna neman ruwan tari.
Na hana. Wani ya sayar.
Shi aka tafa wa a taron ƙarshen shekara.

Ga wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Akwai daminar da kukan sauro ya yi mini daɗi.
Zazzaɓi ya sauka gida-gida,
kaya suka ƙare kafin tsakiyar wata,
na cika adadi har na ɗora,
aka ba ni agogon bango da takardar yabo.
A watan nan ne Sagir, ɗan ƙanwata,
wata goma sha huɗu a duniya,
ya sheme da daddare.
Allurar da ake nema tana bayan motata
ni kuma ina Babura ina bin bashi,
waya a kashe don gudun Oga.
Da na iso har an dawo daga maƙabarta.

Agogon yana nan a ɗakina.
Ban taɓa sa masa batir ba.

Ba duka ne ɗaci ba, kada in yi butulci.
Iya Barira, unguwarzoman Gagarawa,
ba ta barina in wuce sai na sha fura,
kuma ita kaɗai ke biya ran da ta ce.
Yara kan bi motar suna kiran likita, likita,
ni da ko allura ban iya ba.

Yanzu ga ni a bayan a-kori-kura, ni da buhunan wani.
Akwai gonar Baba da ta shekara huɗu ba a taɓa ba,
geza ta cinye rabinta.
Gobe zan je in ga abin da ya rage.

Na laluba aljihu neman kuɗin mota
sai na ji sauran ƙwaya biyu a takardarsu.
Hannu ya saba, na juya bayan
ina duba ranar lalacewa.