Mazubin Baba

Sau goma sha bakwai Mannir ya rubuta su,
layi tara, ba su sauya ko wasali ba:
share wuri, ɗauko kaya, haɗa, gwada, ƙulle.
Ya kwafa ya manna, ya kwafa ya manna,
ya tafi bautar ƙasa, ya bar mini gado.

Ran Alhamis aka sake wa rumbun fayiloli suna.
Na bi rubutun haɗa manhajar tun daga sama,
ido na yaji, na gyara sha shida.
Ta ƙarshen ta laɓe a layi na ɗari huɗu da ɗoriya
kamar kunama a takalmin asuba.
Allo ya yi ja.
Mai kantin magani na Sabon Layi ya kira sau uku,
wai lissafinsa ya tsaya, mutane na tsaye.
Na ce, Alhaji, yanzu-yanzu.
Yanzun nan ta kai ni sha ɗayan dare.

Janareto na tari a bayan ofis,
shayin Ɗanlami ya huce a kofi, ƙuda ya yi wanka.
Sai na tuna Baba a bayan Ƙofar Guga,
gwiwa cikin yashi, siminti har gira.
Ban taɓa ganin ya auna bulo da ido ba.
Mazubi ɗaya gare shi, na ƙarfe, kunnensa a karye,
ya cika, ya danna, ya kife, ya ɗaga,
bulo ya tsaya da ƙafarsa.
Dubu ya buga a wata, duk 'yan uwa ɗaya.
Yakan ce, Murja, hannu na mantuwa,
ƙarfe ba ya yi.

Na ɗebo layukan nan tara na kai su sama,
na yi musu ɗaki, na bar ƙofa biyu:
ta nan sunan manhaja zai shiga,
ta can inda za a sauke ta.
Na daɗe a kan suna, kamar mai jego.
Na sa masa mazubi.
Duk inda tara suke, na goge, na kira shi da baki ɗaya.
Layi ɗari da wani abu suka bi ruwa,
ban yi musu ta'aziyya ba.

Na danna.
Ja, sau goma sha bakwai!
Na bar waƙafi ɗaya a cikin mazubin,
duk 'ya'yan suka fito da karkataccen baki.
Na yi dariya ni kaɗai har maigadi ya leƙo.
Ai Baba ma ya faɗa:
in ƙarfen ya lanƙwashe, kada ka zagi bulo.
Wuri ɗaya na taɓa. Harafi ɗaya.
Kore ya sauko layi-layi
kamar gero bayan ruwan farko a hanyar Batsari.

Na rubuta wa wanda zai gaje ni, a saman ɗakin:
in za ka gyara, gyara nan,
kada ka bi gida-gida.

Da safe Mannir ya aiko saƙo daga can kudu,
wai ina layukansa, ya kwana uku yana tara su.
Na ce suna nan, tara ne dama.
Ya yi shiru.
Can ya ce, to, a gaida Baba.