Rawar Birki

A gangarar Ɗa'ifa abin ya samo asali.
Na danne birki tun daga kan dutse har ƙasa,
ƙarfe ya yi zafi jau, na kuma faɗa cikin ruwa.
Yanzu in na taka a danjar Bani Malik
sitiyari sai kyarma kamar mai masassara,
shayina ya ƙare a cinya.

Gidan dillali sanyi har ƙashi.
Aka ba ni gahawa da dabino biyu,
wani yaro mai farar riga ya danna na'ura:
faifan birki sun karkace, na gaba duka,
ba ma gyara, sai sabo.
Riyal dubu biyu da ɗari huɗu.
Na dubi ƙwallon dabinon a tafina,
ban taɓa cin mai tsadarsa ba.

Kuɗin makarantar Ramlatu ke nan,
da haya, da abin da Inna ke jira a Gumel.

Na lallaɓa garejin Babikir kafin la'asar.
Ɗan Mai Wurno ya shafa faifan da babban yatsa,
ya ce, da Hausarsa mai ƙanshin Larabci:
da sauran nama, a fere.
Inji na kuka, garin ƙarfe na zuba.
Ɗari da hamsin. Amma sau ɗaya ne, ɗan'uwa,
in ya sake, ba abin ferewa.

Na hau titin Madina, na taka a hankali.
Tsit.
Ƙafata ce kawai ba ta bar rawa ba.