Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Shekara talatin ina zaune kan kujera guda,
bas ɗina na hawa tudun Valparaíso, yana tari, yana gangarowa.
Shi ke wahala, ni ke ƙiba.
Sitiyarin da a da yake nesa da ni
ya matso ya jingina da tumbina kamar ɗan'uwa.

Da rana tsaka, a rumfar Herminia bakin tashar jiragen ruwa,
faranti kan zo da tsauninsa:
soyayyen dankali, nama, albasa,
ƙwai biyu a bisa suna zare mini ido.
In ci, in suɗe yatsa, in kora da lemon kwalba.
Wa ya isa ya ce mini kul?

Sai wata Talata, ina karya kwanar kasuwa,
wani abu ya hau ƙirjina ya zauna.
Ba zafi ba tukuna, nauyi ne, buhun siminti.
Gumi ya keto mini cikin sanyin Yuli.
Na taka birki. Fasinja na ta zagi.
Ko waiwaye na kasa.

Likita Quiroga ba ta da dogon zance.
Ta zana bututu a bayan takarda,
ta yi ta cike shi da biro har hanya ta koma zare.
"Eleuterio, kai direba ne.
In titi ya toshe, ina mota za ta bi?"
Ta ba ni ƙwayoyi uku, ta ce 'yan rakiya ne,
tafiyar kuwa tawa ce.

Daga bakin titi zuwa ƙofarmu
matakala ɗari da sittin da biyu ne,
kuma na tsufa ina zagaye su a taya huɗu.
Ranar farko na hau goma sha tara,
na zube ina haki.
Wani kare mai ido ɗaya ya zo ya zauna gefena,
bai ce komai ba. Na gode masa.

Brígida ta ɓoye gishiri inda ita ma ta manta.
Wake da kabewa, gasasshen kifi, tumatir, ɗigon man zaitun.
Sati biyu ina cika ina batsewa.
Ran wata Asabar na saci jiki na koma wurin Herminia,
na ci rabi, na ajiye cokali:
ashe harshena ya sauya ubangida ban sani ba.

Sikeli kuwa marowaci ne.
Wata uku, kilo huɗu kacal ya yafe mini.
Amma bel ya nemi sabuwar huda,
igiyar takalmi ta daina yi mini nisa,
munsharina, in ji Brígida, ya daina tada maƙwabta.

Jikanyata Ignacia ke riƙe da alli.
Duk inda numfashina ya tsaya, nan take zana kifi.
Kifayen suna ta hawa tudu, sannu ba ta hana zuwa,
ruwan sama ya wanke su, ta sake zanawa.

Jiya kifi ya kai ɗari da arba'in.
Na tsaya, na dafa bango, na dubi teku.
Zuciyata na ƙwanƙwasawa,
ba irin bugun mai bin bashi ba,
irin na maƙwabcin da ya zo gaisuwa.

Saura ashirin da biyu.
Karen ya riga ni, yana can sama yana jira.