Santi Biyar

A garejin Arzika, bayan tashar Tawa,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
na tsai da tsohuwar kat-kat tawa,
na ce: ɗaga min ita, ta kai raƙumi.

Bai tanka ba. Ya shimfiɗa kwali,
ya shige ƙarƙashinta da cocila a baki.
Tafin ƙafarsa kaɗai nake gani,
duk faso, kamar tabki a ƙarshen rani.

"Ina ta daki dutse?" in ji murya daga ƙasa.
Na ce: gangaren Keita, daminar bara.
Cikinta ya hau fa, tayoyi na juyi a iska,
allurar shanu na ɗumama a sanduƙi,
Agali na jirana a bakin rijiya
da shanu ɗari uku, kwana biyu cur.
Ban isa ba sai da ƙanƙara ta koma ruwa.

Ya fito yana goge hannu da tsumma.
"Santi biyar." Na ce: sha biyar.
Ai na ga ta 'yan furoje a ƙofar otel,
sai an yi tsalle ake hawanta.
Ya yi dariya har ya tari.
"Waccan ta hoto ce, likita.
Ɗora mata gangar gazuwal biyu a ka,
iskar Abalak ta mare ta a kwana,
sai dai mu zo da igiya mu tashe ku.
Kardan ma wuya gare shi,
ka karkata shi, ya kwana yana kuka.
Lam biyu zan ƙara a baya,
da amortisa masu dogon numfashi.
Girman kai rawanin tsiya ne, ko a mota."

Na wuce rumfar Nomau ina hushi.
Tayoyi jibge kamar zoben ƙuli-ƙuli.
Idona ya faɗa kan masu manyan haƙora,
na shafa su, har raina ya biya.
"Na taɓo ne," in ji shi. "A rairayi haƙa suke,
su gina maka rami kana zaune a kujera.
Taɓonka wata biyu ne.
Saura goma fa, wa zai taka maka tsakuwa?"

Ya lashi yatsa, ya goge gefen wata,
lamba huɗu suka fito: mako da shekara.
"Wannan 'yar Kwatano ta girmi autarka.
Fuska sabuwa, ciki ya mutu."
Ya danna haƙarƙarin wata da babban yatsa:
"Nan ƙayar aduwa ke nema,
nan dutsen Adar ke sa wuƙa.
Ɗauki mai kauri, mai matsakaicin haƙori.
Biyar, ba huɗu ba. Daji bai san rance ba."

Na ƙirga jaka-jaka a kan gwiwa,
kuɗin kwanon rufin ɗakina ne ke tafiya.

Da dare na kasa barci, ina auna sha biyar,
sai na tuna Gwaggo Zali.
Alhamis ɗin farko na kowane wata
ni ke kai ta asibiti,
hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ƙofa,
tana salati kafin gwiwa ta yarda.
Yanzu ma da ƙyar. To, a ƙara taki guda?

Da safe na ce wa Arzika: yi naka.
Bai ce ai na faɗa ba. Ya ce miƙo sha bakwai.

Jiya, bayan Tabalak, inda gudiron ya sallame ni,
na durƙusa na rage iska da tsinken ashana,
tayoyin suka baje kamar tafin amale.
Dutsen nan ya wuce ƙarƙashina, bai ce komai ba.
Na isa rijiya rana ba ta yi tsaka ba.
Agali ya sa hannu a sanduƙi,
ya cire da sauri, yana yarfewa.