Fatar Inyawara

Kafin ladanin Ƙofar Gayan ya buɗe baki
na tsallake Saye, raɓa har gwiwa,
ina zagayen tarkuna tara na Baba Jatau,
waɗanda tsatsa ta cinye wa haƙora.
Takwas sun kwana da yunwa irin tawa.
Na taran, a gindin kanya,
ya riƙe inyawara ta ƙafar baya.
Ba ta yi kuka ba. Kallona ta yi
kamar mai bin bashi ya gane ƙofa.

Na feɗe ta yadda aka koya mini:
wuƙa ta bi ciki, kada ta taɓa gadon baya,
a zare wutsiya kamar zaren tsamiya,
a barbaɗa gishiri da toka,
a kafe da ƙusa a inuwa, ban da rana.
Kwana huɗu tana shanye bayan rumbu,
ɗigo-ɗigonta baƙi kamar rubutun allo,
Jummala na hana kaji kusantarta.

Baba ya bar mini littafi mai bangon fata
da ajaminsa na mai rawar hannu:
damo, sisi. Guza, sule.
Dila, sule da taro in babu huji.
Mesa, a auna da kamu.
Damisa, fam biyu, sau ɗaya tak,
ya ja layi biyu a ƙarƙashinta.
A shekarun nan bayan Kufena
sai ka zaɓi sawun da za ka bi.
Yau sawun babur ne, da turakun filoti,
da bulo a inda gada ke shan ruwa.

Ranar Litinin na hau Sabon Gari.
Sambo dillali na zaune kan buzu,
waya biyu, goro ɗaya a kumatu.
Ya ɗaga fatar sama, ya leƙa rana ta cikinta,
ya shinshina, ya ja gashin, ya karkaɗe.
Dubu huɗu, in ji shi.
Na ce albarka.
Ya ce dukawa sun koma roba,
masu layu sun fi son ta kura,
ga 'yan gandun daji na shawagi,
kuɗin mota zuwa Kano ya ninka.
Na ce makon jiya ka saya bakwai.
Ya ce makon jiya ya tafi da kasuwarsa.

Sai ya kifa ta, ya ɗora yatsa a ciki:
ka ga nan? Nonuwa ne, sun kumbura.
Mai shayarwa ce, fatar ciki ta saki,
majemi zai yanke wannan ya yar.
Na rage ɗari biyar saboda su.

Ban ji sauran maganarsa ba.
Na sallama. Ya cire la'ada.
An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu;
ni na ci gudun, Sambo ya ci zomon.
Na sayi masara tiya ɗaya,
da maganin tarin Jummala, rabin kwalba,
canjin ya ƙare a hannun ɗan acaba.

Ban shiga gida ba, na wuce gindin kanya.
Akwai kogo a kututturen, daidai kafaɗata,
kwana huɗu da suka wuce ban ɗaga kai ba.
Na zura hannu har hammata.
Sanyi. Tururuwa. Abu uku, ƙanana,
ko wuƙa ba ta da wurin kamawa.

Daren nan na buɗe littafin Baba,
a ƙasan damisa na rubuta:
inyawara, dubu uku da ɗari biyar.
Na tsaya da alƙalami a sama,
ban san layin da ake sa ukun ba.

Gishiri ya kusa ƙarewa.
Tarkunan na rataye a ƙusa, suna jiran la'asar.
Jummala ta yi tari sau biyu cikin barci,
na tashi na shafa musu mai.