Ɗigo Tara

Daren jiya na bar na'urar tana sabunta kanta
kamar maciji mai saɓa a bayan rumbu.
Da safe ta tashi da sabuwar fuska,
ba ta san ni ba.

Shekara shida ina buɗe akwatin wasiƙu
da sunan Inna, Azumi, da shekarar rasuwarta.
Yau na rubuta, ɗigo tara suka jeru,
ta ce ba daidai ba.
Na goge tabarau, na sake.

Tirela na jira a Ɗan Isa da buhun aya ɗari huɗu,
takardar mai saye tana bayan wannan ƙofa.
Alhaji Ma'azu ya kira sau uku daga babbar kasuwa.
Na zargi reso, na zargi ɓarayi,
har na koma zargin kaina:
ko shekarar na manta? Ɗa yana manta wannan?

Sai Zabba'u 'yar ƙanena, mai karatu a jami'a,
ta ajiye kwanon fura ta ce,
"Baba, rubuta a fili mu gani."
Na danna A, Q ta fito.
Na danna Z, sai ga W.
Ashe madannan sun koma Ingilishi cikin dare
ba su yi wa Maradi sallama ba.

Da yatsa biyu ta maido su Faransanci.
Na rubuta Azumi a hankali.
Ƙofa ta buɗe, wasiƙu goma sha bakwai.
Ban taɓa ko ɗaya ba tukuna.
Ƙanƙara tana narkewa cikin furar.