Mai Gadi da Littafin Jaratu

Ƙarfe biyun dare a Garwa.
Rumbun auduga na barci a bayana,
ana biyana ne don kada in rufe ido,
ga shi Jaratu 'yar Pitowa ta karɓe aikin kyauta.

Sefa ɗari biyar na ba yaron da ke baza littattafai
a bakin tasha, gefen mai facin taya.
Bangon ya sha maiƙo.
Wani ya taɓa ɗora kofin shayi a kai,
zoben na nan, daidai kan sunanta.

Ta ce a ƙarƙashin Binuwai akwai gari,
fitilunsa idanun kifi ne,
kuma a can ba a hana kowa rance.
Masunci ya sauka neman kuɗin sabuwar koma,
aka ƙirga masa, ba takarda, ba shaida.
Da wa'adi ya cika suka ɗauki inuwarsa.
Shekara ta zagayo suka ɗauki sunansa,
har matarsa ta tsaya da akushi a hannu,
baki buɗe, ta rasa wa za ta kira.

A nan na ajiye littafin.
Na zagaya rumbu sau uku, ba don ɓarawo ba.

Haba Jaratu!
Wa ya gaya miki yadda bashi ke cin mutum?
Ni da nake sauya hanya saboda shagon Hamajoda,
in bi ta bayan masallaci kamar marar gaskiya,
na ga kaina tsirara a shafi na sittin da ɗaya.

Sannan Tasalla, 'yar masuncin,
shekara sha uku, ƙafa duk faso,
ta hau bayan dorina mai ido ɗaya
ta nutse fanso sunan ubanta
da abu ɗaya tak da ta mallaka:
muryar uwarta, sa'ad da take kiranta cin tuwo.
Batirin tocila ya mutu a daidai nan.
Na ƙarasa babin da hasken waya,
sauro na shan rabonsu, ban ko kore su ba.

Matata Lantana ta ce littafin ya shiga tsakaninmu.
Na karanta mata shafi biyu tana tsince shinkafa.
Yanzu in na dawo da asuba
kafin ruwan wanka sai tambaya:
yarinyar ta fito?

Ban sani ba, Lantana.
Ganye uku na ƙarshe babu su.
Wataƙila wata ta ƙunsa ƙosai da su a Yelwa,
wani ya cinye, ya goge hannu da ƙarshen duniya
ya jefar a kwata.

Ran Lahadi na hau babur har kasuwar Pitowa.
Aka nuna mini ita:
gajeruwa, tabarau ɗaure da zare,
tana ciniki kan busasshen kifi,
tana neman ragin sefa hamsin.
Wannan hannun ne ya gina gari a ƙarƙashin ruwa?
Na haddace tambayata tun daga gada.
Da ta juyo, abin da ya fito daga bakina:
ina wuni, Hajiya.
Ta amsa, ta ƙulle canjinta a bakin zane, ta wuce.

Ban yi nadama sosai ba.
Muddin ban ji ba, Tasalla na can tana tafiya,
ba ta ci ba, ba a cinye ta ba.

Amma da na iso gada, rana tsaka,
sai na ce mai babur ya tsaya.
Na leƙa ƙasa. Ruwa shiru, launin kunu.
Na duba gefen ƙafata:
tana nan, 'yar guntuwa, ta lafe da takalmi.
Gobe zan kai wa Hamajoda ko rabi ne.